Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ranar da Aka Kira Sunana Ba Na Nan

A makon jiya na tsaya a daren da ƙanena ya bugo waya daga Salaga, a arewacin ƙasar Gana, ya ce Inna ta cika. Da asuba na bi hanyar Ejura da Atebubu zuwa Yeji, na jira jirgin fito ya ƙetara da mu tafkin Volta zuwa Makango, kuma ko da na isa gida an riga an kai ta makwancinta. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, a safiyar da nake tsaye bakin ruwa, ana can ana kiran sunana a babbar kotu da ke unguwar Adum a birnin Kumasi, a shari'ar da na shigar tun 2007 kan kuɗin huhunan goron da wani abokin ciniki ya ɗauka bashi a 2003 ya ƙi biya. Takardar da aka rubuta mini ranar zaman tana aljihun rigar da na rataye a ɗakina a unguwar Aboabo, cikin Kumasi. Lauyana kuwa yana wata kotu a Accra, ya dogara cewa zan je in nemi a ɗage zaman.

Wanda nake ƙara ya zo da lauyansa. Aka kira mai ƙara, shiru, alƙali ya kori ƙarar.

Na zauna har sadakar bakwai, na ƙara kwana ɗaya don sallamar baƙi, na dawo Kumasi a rana ta tara. A ofishin lauya na ji labarin, na ce masa tunda haka ne mu sake shigar da sabuwa. Ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, wannan ƙofar ta rufe." Ya bayyana mini cewa dokar ƙayyade lokacin kai ƙara ta 1972 ta ba mai bin bashin ciniki shekara 6 ne kawai, kuma namu wa'adin ya cika a cikin 2009 ɗin da muke ciki a lokacin, saboda haka in na shigo da sabuwar takarda, lauyan wancan ɓangare ba zai ma taɓa zancen goro ba, shekaru zai ƙirga wa alƙali. Hanya ɗaya ta rage, wato a tayar da tsohuwar. Ya buɗe littafin ƙa'idojin shari'ar madaniyya na 2004, wanda lauyoyi ke kira C.I. 47, ya sa yatsa a kan Oda ta 36, inda aka ce alƙali na iya janye hukuncin da aka yanke wa wanda bai halarci zaman ba, muddin ya nema cikin kwana 14. Kotu na da ikon ƙara lokaci, amma wannan roƙo ne na biyu a kan na farko. Kwana biyar suka rage mini.

Buƙatar ba ta tafiya sai da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin rashin zuwa, kuma a nan na sha wuya. Mu Musulmi ba ma jinkirta gawa, Inna kuma a ɗakinta ta rasu, babu takardar asibiti. Kawu ne ya tuna mini da tikitin mota da na fiton Yeji, muka lalubo su a jakata, ɗaya ya jiƙe da man shanun da aka ba ni tsaraba amma kwanan watan bai goge ba. Limamin da ya sallaci gawar ya rubuto wasiƙa aka ba direba ya kawo. Lauyan ya so a rubuta cewa na yi ta neman sa a waya ban samu ba. Kawu ya ce, "Ɗana, rantsuwa za ka yi, kada ka ɗora ƙarya a kan kabarin uwarka." Aka rubuta gaskiya, cewa mutuwa ta mantar da ni ranar. Na rantse a gaban jami'in rantsarwa, muka biya kuɗin shigarwa a rana ta goma sha uku, masinjan kotu ya kai wa wancan ɓangare kwafinsu.

Ranar sauraro na isa tun ba a buɗe ƙofa ba. Lauyansu ya yi suka mai ƙarfi, ya ce ko da ni ina da uzuri, lauyana ba shi da shi, kuma a ganina bai yi ƙarya ba. Alƙali ya juya fayil ɗin shafi bayan shafi, ya tarar ban taɓa fashin zama ko ɗaya ba a shekara biyu. Ya ɗaga tikitin mai maiƙo ya duba, ya tambaye ni ta bakin tafinta ko ni ne babban ɗa. Na ce ni ne.

Ya maido da ƙarar, da sharaɗin in biya wancan ɓangare kuɗin ɗawainiyar da na jawo musu kafin zama na gaba. Haka na fito na ƙirga wa mutumin da nake bi bashi kuɗi a hannun lauyansa, yana tsaye yana kallo. Da na koma Aboabo na rubuta sabuwar ranar da alli a bangon zaure, na kuma sa uwargida da yara duka su haddace ta. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda aka yi da littafin bashina, wanda aka rubuta da ajami a tsohon sidi, kuɗin Gana, kafin canjin kuɗin 2007 ya mai da dubu goma ta zama ɗaya.