Hezalnot a cikin cakulan, da aikin da masu ƙuli-ƙuli suka daɗe da sani

Duk wanda ya ɗauki kwalbar Nutella, cakulan ɗin da ake shafawa a burodi, a wani babban kanti a Kaduna ya karanta abin da aka rubuta a bayanta, zai ga sukari ne a sahun gaba, tataccen manja na biye da shi, sannan ƙwayar hezalnot, wadda da hotonta ake tallar kwalbar, ta zo da kashi 13 cikin 100 kacal. Ita wannan ƙwaya ba ta yi a ƙasarmu, domin bishiyarta tana son sanyi da damshi, shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na wadda duniya ke ci yake fitowa daga gaɓar Bahar Aswad a Turkiyya, musamman lardunan Ordu da Giresun, inda ake tsinkarta a watan Agusta a shanya ta a rana.

Rashi ne ya shigar da ita cikin cakulan tun farko. Ana danganta hakan da takunkumin da Napoleon, sarkin Faransa, ya sanya wa kasuwanci da Birtaniya a 1806, lokacin da koko ya yi wuya, masu alewa na birnin Turin a Italiya suka riƙa niƙa hezalnot ɗin da ake nomawa a yankinsu suna cike gurbin da ita, har haɗin ya samu sunan gianduja. Bayan yaƙin duniya na biyu koko ya sake tsada, sai Pietro Ferrero, wani mai kayan zaƙi na garin Alba a Italiya, ya koma ga wannan dabara a 1946, ɗansa Michele kuma ya gyara haɗin ya sa masa suna Nutella a 1964.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake sarrafa ta, domin a soya ƙwaya, a murje fatarta, a fece, a markaɗa har mai ya tsatso, wannan aikin da matan da ke yin ƙuli-ƙuli suke yi da gyaɗa ne kullum. Inda hanya ta rabu shi ne, su suna yayyafa ruwan zafi suna juyawa har man ya fito, su kwashe shi su sayar, tunkuza ta rage. Shi kuwa mai cakulan man yake nema, saboda kusan kashi 60 cikin 100 na hezalnot mai ne, kuma shi ne ke sa haɗin ya yi laushi ya narke a baki. A ganina babu abin da zai hana gyaɗar da ake aunawa a Kasuwar Barci, ko riɗin da muke yin kantu da shi, yin wannan aiki, ko da yake ƙamshin gyaɗa ya fi ƙarfi, yana iya danne na koko idan aka yi sake.

Mai son gwadawa ya fara tsince gyaɗar da kyau, ya zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse, domin a irinta ake samun gubar da ke illa ga hanta. Suyar ta zama a wuta kaɗan har ta yi ja ba tare da ta ƙone ba, a markaɗa sau biyu, sannan a zuba garin koko, da niƙaƙƙen sukari, da ɗan gishiri. Kada ko ɗigon ruwa ya shiga, domin nan take haɗin zai dunƙule. A zafin Maris da Afrilu mai zai taso saman kwalba, sai a juya da busasshen cokali kafin a shafa wa yara a burodi.