Tsutsotsin tumfafiya a bayan gidanmu

Asabar, Yelwa, Bauchi.

Sharar bayan gida aka tashi da ita yau, don ciyawar damina ta kusa haye katanga, Kawu kuma macizai yake tsoro. Da aka zo kan tumfafiyar da ke kusa da rijiya, Auta ya ɗaga adda ke nan sai na hango wata tsutsa a bayan ganye, mai zanen baƙi da fari da rawaya, ga wasu siraran ƙahoni baƙaƙe guda 6 a gadon bayanta. Na ce, "Auta, dakata tukuna." Muka bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, ashe suna nan da yawa, manya da ƙanana.

Wannan tsutsa ita ce take zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro, mai baƙin gefe da ɗigo-ɗigon fari, wanda masana suke kira Danaus chrysippus, tun 1758 kuma aka shigar da shi kundin kimiyya. Uwar ba ta saka ƙwai a kan ko wane tsiro. Da ƙafafunta take ɗanɗana ganye, in ta tabbatar tumfafiya ce ko danginta, sai ta liƙa ƙwai guda a ƙarƙashinsa ta ƙara gaba. Bayan kwana 3 zuwa 5 tsutsa ta fito, abincinta na farko kuwa ɓawon ƙwan da ta fito daga ciki.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne sha'aninta da ruwan tumfafiya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan an ja masa kunne a kan farin ruwan nan, kada ya taɓa ido. Ita kuwa 'yar tsutsar tana ƙarama sai ta yanka da'ira a jikin ganye, ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci abin da ke tsakiya. Na nuna wa Auta irin waɗannan ramukan, ya yi ta leƙa su. Dafin da ta haɗiya kuma ba ya kashe ta, ajiye shi take yi a jiki har bayan ta yi fukafukai. Tsuntsun da ya ci ɗaya amai zai yi, daga ranar kuma ya gane launin. Shi ya sa za ka ga malam-buɗe-littafin nan yana tashi a hankali, ba gaggawa, ba ɓuya. Har akwai wani jinsin da ba shi da dafi ko kaɗan, amma matansa sun ɗauko launin nan sak, tsuntsaye na kauce musu. Ikon Allah ke nan.

A wani reshe na ƙasa muka tarar da wadda ta riga ta shiga kwanso, kore shar, a rataye, da ɗigon ruwan zinariya kamar ɗan kunnen amarya. A ciki ne yawancin jikin tsutsar yake narkewa a sake gina shi: fukafukai, dogayen ƙafafu, da bakin tsotso mai naɗewa. Kamar mako guda zuwa kwana 10 ake yi. In ya fito fukafukan a cukurkuɗe suke, sai ya tura musu ruwan jikinsa sun miƙe sun bushe kafin ya tashi.

Kawu ya zo ya same mu a tsugune. Ya ce, "Yanzu ke tsutsa ce ta tsayar miki da aiki?" Na ce, "Kawu, don Allah a bar mana wannan guda ɗaya, in an sare ta ba su da wani abinci a nan." Ya duba kwanson da kyau, ya ce a share kewayenta, ita a ƙyale ta. Na ji daɗi sosai, don ni dai ban ga dalilin da za a riƙa ɗaukar tumfafiya tsiron banza ba.

Bayan la'asar, inda ruwan wanki ya jiƙa ƙasa, wasu ƙananan malam-buɗe-littafi masu launin rawaya suka taru suna tsotsar laka. Gishirin da ke cikin ƙasar suke nema, kuma galibinsu maza ne. Auta ya so ya tsinko kwanson ya sa a kwalba, na ce a'a, a kan reshensa za mu riƙa dubawa kullum da safe kafin ya wuce makaranta.