Adakar Gwaggo da takardun gidanmu na Gangare

Asabar, Jos.

Tun bayan sallar asuba na ƙudurta cewa yinin yau ba zai wuce ba sai an karanta mini wasiƙun ajamin da ke cikin adakar Gwaggo, domin takardun bokon da ke ciki na riga na bi su ɗaya bayan ɗaya, sun kai ni iyakar inda za su iya, sun tsaya. Sanyin hunturu ya tsananta a garin nan, saboda haka sai da hantsi ya dubi ludayi sannan Malam, wanda zai karanta mini su, ya fito zaure, ni kuwa na yi amfani da wannan jira na sake jera takardun gidan bisa tsufansu.

Mafi tsufa a cikinsu ita ce takardar ciniki mai kwanan watan Fabrairun 1939, wadda aka liƙa wa kan sarki mai hoton Sarkin Ingila Joji na Shida, mai sayarwa ya dangwala yatsa, shaidu biyu suka sa hannu. Abin da aka rubuta an sayar wa kakana shi ne gini, wato ɗakuna huɗu da zaure da rijiya, a kan fam 12, ba a kuwa ambaci sayar da ƙasa ko sau ɗaya ba. Wannan ba mantuwar akawu ba ce, domin tun dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sake tsarawa a 1916, Turawa suka sanya ƙasar Arewa gaba ɗaya a ƙarƙashin ikon Gwamna, aka bar wa mutum haƙƙin zama da amfani kawai. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta gaji wannan tsari, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, kuma a ƙarƙashinta ne aka ba mu takardar shaidar mallaka wadda ke ɗauke da sunan Baffa, babban wan mahaifina. Tsakanin waɗannan takardu biyu akwai rasit na harajin En'e, wato hukumar gargajiya, masu yawa, wasu gara ta ci gefensu.

Duk wanda ya ɗauki irin waɗannan takardu da niyyar gano asalinsa, ya kamata ya fara fahimtar dalilin da ya sa aka rubuta su. Hukuma tambaya biyu take yi: ina iyakar wurin, kuma wa za a kama idan ba a biya haraji ba. Saboda haka suna ɗaya take buƙata a kowane zamani, kuma kusan kullum sunan namiji ne. A takardunmu sunan kakana ne, sannan na Baffa, shi ke nan. Babu mace ko ɗaya, babu garin da aka fito, sai kalmar "Kano" da aka liƙa a bayan sunan kakana kamar yadda aka yi wa dubban baƙin da suka zo aikin kuza. Haka kuma takardar ba ta ce komai ba game da manoman da suka riga kowa noma wannan ƙasa kafin a yanka ta filoti-filoti, kuma ban ga adalci ba a ce mutum ya karanta shirun takarda a matsayin shaidar cewa wurin daji ne. Maganar asali da baƙunci a Jos ta ci rayuka da yawa, ba kuwa ita ta sa na buɗe adakar nan ba.

Da Malam ya zauna, bai fara da karatu ba. Ya baje wasiƙun a kan buzu, ya ware su bisa hannun rubutu da kalar tawada, ya ce mutanen wancan zamani ba su cika rubuta wasiƙa da hannunsu ba, wurin malamin unguwa ko wani almajiri suke zuwa su faɗa ya rubuta, don haka hannu ɗaya yakan nuna gari ɗaya ne, ba lalle mutum ɗaya ba. Kusan dukkansu da bisimilla suka fara, sai "takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane", sai gaisuwa mai tsawo, sai "bayan haka", a rufe da "haza wasalam". Babu ambulan, babu tambarin gidan waya, domin ta hannun matafiya aka aiko su. Waɗanda aka sa wa shekara, ta Hijira ce, kuma lissafinta ba wuya: a ninka ta da 0.97 a ƙara 622, sai a faɗa kusa da shekarar Miladiyya.

Babbar wahalar ita ce alkunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta, iyaye ba su kiran sunan ɗan fari, ƙane ba ya kiran sunan yaya gatsau, kuma wannan ladabi ya shiga cikin wasiƙun yadda yake a baki. Sai ka ga "a gaida Yaya", "mai sunan Malam ya warke", "uwar ɗaki tana gaisuwa", mai rubutu da mai karɓa sun san wa ake nufi, mu da muka zo bayan shekara tamanin da ɗoriya sai mun yi ta haɗa wannan da wancan. Na ce, "Allah gafarta Malam, to ta yaya za a gane su?" Ya ce, "Ɗana, da rasuwa da haihuwa ake gane su. Ranar ta'aziyya da ranar suna dole a faɗi dangantaka a fili." Haka kuwa aka yi, wasiƙun ta'aziyya su suka buɗe mana sauran.

Abu na farko da ya fito shi ne garin. Mun tashi muna jin cewa mu Kanawa ne, kowa kuma ya ɗauka cikin birni ake nufi, har wasu daga cikin 'yan'uwa sukan ambaci unguwa. Amma mafi yawan wasiƙun daga Riruwai suka fito, can kudancin ƙasar Kano, a ƙaramar hukumar Doguwa ta yanzu. Maganar ba ta zama ƙarya ba, domin Riruwai ƙasar Kano ce, sai dai ta sauya fahimtata game da dalilin zuwan kakana. Riruwai ta yi suna wajen haƙo kuza da narka ta tun kafin Turawa su buɗe ma'adinan Filato a farkon ƙarni na 20, don haka mutumin da ya taso a can ba da ka ya shigo wannan sana'a ba. A wasiƙa guda ma an ambaci aiko da saƙo ta jirgi, watau ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya haɗa Zariya da Jos, ya kai Bukuru a 1914, aka rufe layin a 1957.

Akwai wata wasiƙa ta shekarar 1362, wadda ta yi daidai da 1943, inda ƙanen kakana yake roƙon a nemo masa ɗansa da aka ɗebo aikin tilas, a ba shi bargo idan an same shi. A lokacin Japan ta ƙwace Malaya, wadda Ingila ta dogara da kuzarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta ɗebo leburori daga lardunan Arewa zuwa Filato tsakanin 1942 da 1944, mutane da yawa kuma suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Malam ya karanta ta sau biyu, ya yi wa yaron addu'a, muka wuce.

Wasiƙar da ta riƙe mu har azahar ita ce ta watan Zulƙida 1357, wato ƙarshen 1938 ko farkon 1939, makonni kaɗan kafin cinikin gidan. Ba daga Riruwai ta fito ba, daga Barikin Ladi ta fito, kuma mai maganar mace ce, yayar kakana, wadda take sana'ar tuwo da fura tana sayar wa leburori a bariki. Bayan gaisuwa ta ce ta aiko da fam 7 da sule 10 ta hannun mai ɗauke da takardar, ya sa a cikin kuɗin gida, ya kuma ware mata ɗakin da ke kusa da rijiya. Wannan kuɗi ya haura rabin abin da aka biya. Na ɗauko takardar cinikin na ajiye kusa da wasiƙar, rijiyar da ta ambata tana ciki, amma a takardar hukuma babu ko alamar wannan baiwar Allah. Shekara da shekaru muna cewa "gidan da Kaka ya saya da guminsa", alhali mafi yawan gumin a bakin murhu aka yi shi.

Na tambayi Malam hukuncin wannan kuɗi. Ya ce lafazin yana ɗaukar fuska uku: ko rance ne wanda ake biya, ko kyauta ce wadda ta sharɗanta wa zama a ɗaki, ko kuwa tarayya ce a mallaka, wadda idan ta tabbata to magadanta suna da rabo a gidan. Ya ce alƙali ba zai yanke hukunci da wasiƙa ɗaya ba tare da shaidu ko iƙirari ba, amma abin da ba ya tsayuwa a gaban alƙali yana iya tsayuwa tsakanin mutum da Ubangijinsa, ya shawarce ni in tambayi manya kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Bayan la'asar na shiga wurin Gwaggo. Ita ce ta fita da adakar nan a kanta lokacin rikicin Satumbar 2001, sa'ad da gidaje da yawa a garin nan suka ƙone tare da takardunsu, ba ta kuwa iya karanta ko ɗaya daga cikin abin da ta tserar ba. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta kiran sunana. Da na karanta mata abin da na kwafa sai ta ce, "Babana, ai ɗakin Yaya kenan. Ba a taɓa sa ɗan haya a ciki ba tana raye, ko da ta yi shekara ba ta zo ba, kuma duk sallah Baba yakan aika mata da turmin atamfa ya ce haƙƙinta ne." Ta ce Yaya ta haifi 'ya mace guda wadda aka aurar a Bauchi, zumunci ya yi ta raguwa bayan rasuwar iyaye har ya yanke, amma ta tuna unguwar da sana'ar mijin, dukanci. Kalmar "haƙƙinta" ta tsaya mini a rai, domin mutum ba ya kiran kyautar sallah haƙƙi sai da dalili.

Baffa bai ji daɗin maganar ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, a bar kaza cikin gashinta. Takardar gwamna tana hannunmu, an raba gado tun kafin a haife ka, yanzu kana so ka tono mana mutanen da ba su neme mu ba?" Na ce masa, "Baffa, ka yi haƙuri, ba shari'a nake nema ba, dangi nake nema." Na fahimci tsoronsa, domin gidan da aka saya fam 12 yau kuɗinsa miliyoyi ne, kuma ya ga gidajen da irin wannan bincike ya kai 'yan'uwa kotu suka daina gaisawa. Sai dai ban yarda cewa takardar shaidar mallaka ta rufe maganar ba. Ita ta amsa tambayar gwamnati ne, ta kuma amsa ta daidai, amma ba a taɓa tambayarta waye ya kawo kuɗin ba. Idan zan rubuta salsalar gidanmu in bi sunayen da hukuma ta riƙe kaɗai, to zan maimaita wa 'ya'yanmu rabin labari, wannan karon da saninmu.

Mun rabu a kan cewa ba zan yi wa kowa maganar rabo ba sai an zauna da sauran iyaye, shi kuma ba zai hana ni neman jikokin Yaya ba. Da dare na ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya da waya, na rubuta fassarar Malam da boko a littafi dabam tare da lambar da na ba kowace wasiƙa, na cire tsofaffin allurai da suka yi tsatsa suna cin takardar, na shimfiɗa su tsakanin fararen takardu. Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar a kai a manne su da leda a shagon kwamfuta, na ƙi, saboda zafin injin da gam ɗin suna lalata tsohuwar takarda kuma ba a iya warware su daga baya.

Saura abu biyu. Zan nemi hutu in je Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka adana fayilolin Lardin Filato, wanda aka kafa a 1926, in duba ko rajistar filotai da ta haraji ta cikin garin Jos za ta nuna wanda ya riƙe wurin kafin mutumin da ya sayar wa kakana. Kafin nan kuma na yi waya da wani abokin aikina ɗan Bauchi, na ba shi sunan unguwar da Gwaggo ta faɗa, ya ce akwai tsofaffin dukawa a wurin har yanzu, zai tambayi mai unguwa ranar Litinin.