Sunayen da na tara ba mallakina ba ne

Na shafe shekaru ina koyar da ɗaukar hoto da waya ta intanet. Duk wanda ya leƙo shafina ina ba shi darasi ɗaya kyauta, shi kuma ya bar mini adireshin imel ɗinsa, bisa alkawarin cewa kowane mako zan turo masa wata dabara ta sarrafa haske ko tsara hoto. A haka sunaye suka taru har dubbai. Da kasuwar darussan ta ja baya, na koma sayar da manhajar lissafin shige da ficen kuɗi ga masu ƙananan sana'o'i, sai na ce a raina ai ina da jama'a a hannu. Na rubuta tallar sabuwar haja na tura wa kowa da kowa a dare ɗaya.

Amsar farko da na tarar da safe daga wata baiwar Allah ce da ta daɗe tana bin darussan, wadda har hotunan da ta ɗauka takan turo in duba mata. Layi ɗaya ta rubuta: "Malam, ni darasin hoto na nema, wannan kuma daga ina?" Ba faɗa ba zagi. Na daɗe ina kallon layin nan, domin gaskiya ta faɗa. Ta ba ni adireshinta ne don abu guda, ni kuma na ɗauka na yi wani abu daban da shi ban tambaye ta ba.

Ita ta yi mini mutunci da ta yi magana. Da yawa ba su ce uffan ba, kawai suka danna maɓallin da ke jefa saƙo cikin akwatin tarkace. Wannan dannawar ba a kan saƙo ɗaya take tsayawa ba. Kamfanonin imel suna lissafa ta, su jingina ta ga sunan yankin intanet da kake aikawa daga shi, wato abin da ke biyo bayan alamar @ a adireshinka. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa, wato a wajen Gmail duk mai tura saƙo kusan 5,000 a rana: ƙorafi kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku a cikin dubu, a sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya, a kuma cire wanda ya nema cikin kwana biyu. Kaiwa ga mutum uku a dubu ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya turo wa masu son hoto maganar lissafi. Na ga sakamakon da idona lokacin da wani sabon abokin ciniki ya biya kuɗin manhaja, ya jira rasit da lambar shiga bai gani ba, sai daga baya ya tsinto su a cikin tarkace. Laifin da na yi wa tsofaffin mutanena ya faɗa kan sababbi.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta ce yardar da mutum ya bayar ta wata manufa ce takamaimai, kuma tara na iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara. Tana iya hawa kanka ko ba a Turai kake ba, muddin mazauna can kake yi wa tayin haja. Dokar Amurka ta 2003, CAN-SPAM, ta fi sassauci, ba ta wajabta neman izini tun farko ba, amma ta ce a cire mai son fita cikin ranakun aiki goma. Sai dai ni ba tsoron tara ne ya motsa ni ba, layin matar nan ne.

Na dakatar da talla gaba ɗaya. Da tsohon sunan da suka san ni da shi na rubuta musu, na ba da haƙuri, na faɗi cewa darussan hoto sun tsaya, ga abin da na koma yi, ga irin saƙon da zai riƙa zuwa da kuma sau nawa. Na sa maɓalli ɗaya tak: "Ina so in ci gaba." Na maimaita sau biyu a cikin wata guda, na kuma faɗa ƙarara cewa wanda bai danna ba zan cire shi. Wani abokin aiki ya so mu juya abin, mu ce wanda bai fita ba ya yarda ke nan. Na ƙi. Shirun mutumin da bai ma buɗe saƙonka ba ba amincewa ba ce.

A nan ma na kusa ruɗuwa da alƙaluman buɗe saƙo, waɗanda suka nuna kamar rabin jama'a na karantawa. Tun 2021 manhajar imel ta Apple take ɗauko hotunan saƙo da kanta don kare sirrin mai waya, sai a rubuta an buɗe alhali ba wanda ya duba. Dannawa da amsa kaɗai na yarda da su.

Waɗanda suka rage kaɗan ne ƙwarai, kuma yawancinsu masu sana'a ne da suka koyi hoto don su ɗauki kayan da suke sayarwa. Ashe su ne manhajar lissafin ta dace da su tun asali, da na tsaya na tantance. Sauran taron tsintsiya ne ba shara, ga kuɗin wata da nake biyan kamfanin da ke aika mini saƙonnin gwargwadon yawan adireshi, ga haɗarin tsofaffin adireshi da aka yi watsi da su, waɗanda wasu kamfanoni ke mayarwa tarkon kama masu aika tarkace. Wani ya yi tayin sayen jerin duka, ban ko tsaya jin farashi ba. Abu ɗaya na adana da kyau: sunayen waɗanda suka ce a cire su, don kada ranar da na sauya kamfanin aikawa in sake ɗora su bisa kuskure.

Ranar gogewa na daɗe da yatsa a kan linzamin kwamfuta kafin in danna, domin shekaruna ne a cikin sunayen nan. Matar da ta fara rubuto mini ba ta danna maɓallin ci gaba ba. Na haɗa mata tsofaffin darussan duka a wuri ɗaya na tura mata, na gode mata, sannan na cire sunanta tare da na sauran.