Daga Kano zuwa Alaba, neman magajiyar tsohuwar jita

Kafin in hau mota sai da na auna tsohuwar jitata na rubuta komai a takarda, domin wanda ya shiga kasuwa da "ina son irin tawa" kaɗai a bakinsa fenti zai sayo. Jitar lantarki ce mai siffar Stratocaster, sanannen samfurin kamfanin Fender, amma ƙirar wani ƙaramin kamfani, kuma ina ƙaunar muryarta. Daga nat, wato madogarar tsirkiya a kan jita, zuwa firet na 12 (firet su ne ƙarafan da ke jere a allon wuya) milimita 324 ne, wato tsawon tsirkiya 648 ke nan, irin ma'aunin Fender. Na kamfanin Gibson 628 ne, shi ya sa tsirkiyarsu ta fi laushi a yatsa. Na auna faɗin wuya a wajen nat, na kuma lura cewa rabin kiɗana a mataki na 4 na makunnin zaɓen fikof nake yinsa, inda fikof na wuya da na tsakiya suke haɗuwa (fikof shi ne maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya). Wannan muryar mai tsabta ce salon Agadas, irin na su Bombino da Mdou Moctar, yake buƙata, inda babbar tsirkiya ke ta gunji yatsu kuma suna tsalle a kan ƙananan. Abin da ya gaza a tsohuwar ƙarfe ne: firet sun cinye, kunnuwan ɗauri suna sakin saiti, ga ƙugi da zarar an tada janareta.

Doguwar motar Legas daga Sabon Gari take tashi. Muka bi Zariya, Kaduna, Abuja, muka haye kogin Neja kafin mu shiga Lakwaja, sannan Okene, Akure da Ibadan. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, ga shingaye, don haka kada ka yi wa kowa alƙawarin lokacin isa. Daga Mile 2 a Legas na bi titin Badagry zuwa Ojo, na sauka wajen 'yan'uwa a Alaba Rago. Mai masaukina ya haɗa ni da wani yaro da ya san lungunan babbar kasuwar Alaba.

"Malam, idan ka ga wadda ta yi maka kada ka nuna a fuska," in ji shi. "Ka bar ni da ciniki, kai ka ji da gwaji."

Masu kayan kiɗa suna da nasu ɓangaren, jita a rataye tun daga ƙofa har rufi, sababbi da na hannu. A aljihuna akwai kafo mai matse tsirkiya a kan firet, filageji na auna rata irin na makanikai, ƙaramar rula ta ƙarfe, mitar masu gyaran rediyo, da na'urar saiti. Wayar da nake haɗawa da amfilifaya ma tawa na kawo, domin in an ji ƙara a san daga jitar take.

Ga yadda nake bin kowacce. Da farko ban haɗa ta da wuta ba. Sai in kaɗa ta haka nan in ji ko sautin yana daɗewa, in kuma ji ko jikin yana rawa a ƙirjina. Sannan in ɗaga ta in leƙa wuyan daga kai zuwa gindi ta gefe biyu. Lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ce, sandar ƙarfen da ke cikin wuyan za ta gyara. Amma in gefen babbar tsirkiya ya lanƙwasa na ƙarama ya miƙe, wuyan ya murɗe ke nan, kuma wannan a mayar da ita ƙusa kawai. Bayan haka sai kafo a firet na 1, yatsa a firet na ƙarshe, a zura filageji a firet na 8. Ratar da ake so wajen milimita 0.25 ce. Tsayin tsirkiya a firet na 17 kuwa wajen 1.6. Ina kuma roƙon mai shago ya bari a ɗan juya sandar wuya da alanki a gabana, domin jitar da sandarta ta ƙage ko kan notinta ya cinye ba ta da sauran magani mai araha.

Sai mita. A buɗe folum gaba ɗaya, a ɗora kan mitar a bakin waya, a bi makunni mataki-mataki. Fikof mai naɗi ɗaya irin na gargajiya yakan nuna kilo-om 5.5 zuwa 7, mataki na 2 da na 4 kuma su nuna kusan rabin haka saboda biyu ne a haɗe. In lambar tana tsalle idan ka taɓa makunnin, datti ne ko dalma ta saki. Wannan gyara ne mai sauƙi, amma dalilin rage kuɗi ne.

A wani shago aka sauko min da wata mai tambarin Fender, aka ce daga Amurka take. Abin dubawa a nan ramin sandar wuya ne a kai: mafi yawan na Amurka ana zagaye shi da katako mai duhu, na Meziko kuma da baƙar roba. Lambar shaidar jita da aka buga tun daga 2010 tana farawa da US ko MX, sai lambobi biyu na shekara. Kamfanin yana da wurin duba lamba a intanet, sai dai masu jabu suna kwafar lamba ta gaskiya, don haka a gwada launi da samfurin da ya fito da abin da ke hannu. Wannan dai ramin nata fenti ne kawai aka shafa, na ajiye ta.

Uku suka tsallake gwaji. Ta farko tsohuwar Fender ce ƙirar Japan. Tun 1982 aka fara yin su a can, masana'antar FujiGen ce ta riƙa ƙera na farkon, kuma aikin katakonsu abin a yaba ne. Amma allon wuyanta irin na da ne, mai gantsarwar milimita 184 (ƙaramar lamba, gantsarwa mai yawa), kuma a irin wannan allon in ka sauke tsirkiya ƙasa sosai, sautin yakan shaƙe idan ka ja ta sama a firet na 14 zuwa sama. Firet ɗinta ma sun yi rami a ƙarƙashin tsirkiya ta biyu da ta uku. Sake firet gaba ɗaya aiki ne na ƙwararre mai kayan aiki, kuma kuɗinsa zai ɗora a kan farashin da dama ya fi na sauran.

Ta biyu Squier Classic Vibe ce, ta reshen Fender, jerin da aka fara a 2008, da maganaɗisun ƙarfen alniko da allo mai gantsarwar milimita 241. A murya ita ta fi kusa da tsohuwata. Bayan wuyanta fenti ne mai sheƙi, wanda yakan kama tafin hannu idan gumi ya zo, kuma mai kiɗan biki a watan Afrilu a Kano ya san gumi.

Ta uku Yamaha Pacifica 112V ce, ita kuma na ɗauka. Tsawon tsirkiyarta 648 ne daidai da abin da ke takardata, jikin katakon alda, firet 22, allon kuma ya fi shimfiɗuwa, milimita 350, don haka tsirkiya tana sauka ƙasa ba shaƙewa. Wuyan ba sheƙi, hannu yana zamewa. Fikof na wuya da na tsakiya masu naɗi ɗaya ne na alniko, mataki na 4 ya ba ni muryar da na zo nema. Na gindi kuwa mai naɗi biyu ne, wanda ke kashe ƙugin wuta, in kuma ka ja maɓallin ton sama ya koma naɗi ɗaya. Ga wanda rabin wasansa a kan janareta yake, wannan babban abu ne. A kula da harafin ƙarshe: 112J ta yi kama da ita sosai, amma maganaɗisunta na siramik ne, kuma ba ta da wannan maɓallin da ake ja.

Na gwada daidaiton sauti kafin a biya. Sautin firet na 12 dole ya yi daidai da na tsirkiya a sake. In ya ɗara sama, a ja sirdin birij, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gindin jita, baya, nesa da wuya. Abin da nake dubawa shi ne ko sirdin yana da sauran wurin matsawa, domin in ya kai bango sauti bai daidaita ba, an kafa birij ɗin ba a muhallinsa ba. Farashi kuwa yana bin dala, na makon jiya ba na yau ba ne. Yaron nan ya yi cinikinsa, muka sa aka ƙara jaka da tsirkiya mai lambar kauri 10 zuwa 46 a rufe cikin leda, domin wadda ta kwana a buɗe a iskar Legas ta riga ta fara tsatsa.

A dawowa ban yarda ta shiga but ƙarƙashin buhuna ba. Na sassauta tsirkiya, na kwance sukurori huɗun da ke riƙe wuya, na naɗe wuyan da jikin daban-daban a cikin zane, suka zauna a gabana. In ka ga siririn kwali ko roba a ramin wuyan, ka adana shi ka mayar yadda yake, shi ke riƙe kusurwar.

Sauran aikin a Kano yake. Katakon da ya sha laimar Legas zai bushe, musamman in hunturu ya shigo. Allon wuya yana tsukewa, ƙarfen firet ba ya tsukewa, sai bakinsu ya fito yana yankar hannu. Kada a yi gaggawar gogewa, a bari ta yi makonni tana shan iskar gari, sannan a manna tef a kan katako a bi bakin kowane firet da ƙaramin zarto mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Wuyan ma sau da yawa yakan ƙara lanƙwasa gaba. A sake aunawa a firet na 8, in ratar ta wuce 0.25 a ɗaure sandar zuwa dama, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a bar ta ta kwana kafin a ƙara. In damina ta sauka sai a sake awon, domin a lokacin sassautawa za ta buƙata.