Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Maganar da Baba Ya Fara a Bakin Ƙofa

A makon jiya na tsaya a inda na shiga shekara ta biyu ta horon ƙwarewa a likitancin iyali. Mu ba mu da wata gaɓa guda da muka ware. Jariri, mai juna biyu, tsoho mai ciwon suga, duk ta kanmu suke fara bi. Shi ya sa horon ke zagayawa da mu sashen yara, ɗakin haihuwa, tiyata da sashen masu taɓin hankali, kafin ya dawo da mu ɗakin duba marasa lafiya.

Wata Laraba na fito daga aikin kwana, ban ko runtsa ba. Fuska kawai na wanke na zauna, katuna sun yi tsiri a kan tebur. Malama, babbar likitar da ke kula da horona, ta ja kujera ta zauna a kusurwa don ta ga yadda nake ganawa da mutane.

Wani dattijo mai hawan jini ya shigo, zuwansa na uku ke nan cikin wata guda, kullum kukan ciwon kai.

"Likita, wato tun lokacin da..."

"Baba, kana shan maganinka?"

Ya ce e. Na ɗaura masa abin awo a dantse, 170 bisa 100. Na ƙara masa wata ƙwaya, na miƙa masa takarda. Ya kai ƙofa, hannunsa a kan mariƙi, ya waiwayo. "Likita, da ma..."

"Sai nan da sati biyu, Baba."

Da layi ya ƙare, Malama ta ce, "Wace irin riga ce a jikin dattijon nan?" Na yi shiru, domin ban ɗaga kai na dube shi ba. Ta ce wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya gano cewa likitoci kan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 kacal da fara bayani, ni kuwa ko rabin haka ban ba shi ba. Ina jiran faɗa, sai ta sassauta murya. "Yaushe rabonki da barcin kirki?"

Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo ba.

Da daddare na lissafa awannin aikina na kwana bakwai da suka wuce, sun haura casa'in. A Amurka tun 2003 aka ƙayyade wa likitoci masu horo awa 80 a mako, kuma mutuwar wata budurwa, Libby Zion, a wani asibitin New York a 1984, na cikin abin da ya tayar da maganar. Tamanin ɗin ma ai ninkin aikin sauran mutane ne. Har yau raina na ɓaci idan na ji babba na ce wa ƙarami, "Mu ma haka muka sha." Wahalar da ka sha ba hujja ba ce ta miƙa ran mutum a hannun wanda idonsa ke rufewa.

Abin da ke damuna yana da suna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan matsananciyar gajiyar da aiki ke jawowa, wadda ake kira ƙonewa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin, ƙwazo ya ragu. Ta biyun ce ta fi ba ni tsoro. Na shigo fannin nan don son mutane, ga shi na koma ganinsu a matsayin katuna.

Malama ta sa ni cikin wani zama da ake kira taron Balint, sunan wani likita haifaffen ƙasar Hangare, Michael Balint, wanda ya fara shi da likitocin Landan a shekarun 1950. A ganinsa, likita shi kansa magani ne da ake ba mara lafiya. Muka yi da'ira, mu takwas, ba kati, ba takarda. Na ba da labarin dattijon da ka, sannan aka ce in ja kujerata baya in yi shiru. Ba wanda ya tambayi sunan ƙwayar da na rubuta. Wata abokiyar horona ta ce ita maganar bakin ƙofar nan ce ta tsaya mata a rai. Wani ya ce mutum ba ya zuwa sau uku a wata don ciwon kai kawai. Rabon da a saurare ni haka har na manta.

Da sati biyu suka cika, Baba ya dawo, da farar riga mai ɗan faci a aljihu. Na ajiye biro. "Baba, rannan ka fara wata magana ban bar ka ka ƙarasa ba. Ka yafe ni. Ina jin ka."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ashe wata huɗu ke nan da rasuwar matarsa, shanyewar ɓarin jiki ce ta ɗauke ta. Shekara da shekaru ita ke zuba masa ƙwayoyin a tafin hannu kowace safiya, bai ma san wacce ce ta safe wacce ce ta dare ba. Tun da ta rasu bai sha ko ɗaya ba, kunya ta hana shi faɗa. Kuma duk sanda kansa ya sara, sai ya ɗauka nasa lokacin ne ya zo.

Na zana taswirar iyalinsa a bayan katin kamar yadda aka koya mana, tun daga iyayensa har jikoki, muka samu jikarsa da ke zaune tare da shi. Na soke ƙarin ƙwayar da na rubuta, na roƙe shi ya zo da yarinyar ranar Litinin in nuna mata.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda muka tunkari shugabanni kan jadawalin aikin kwana, da abin da ya biyo baya.