Sito na ƙarfe: daga kusoshin fandisho ake gane aikin kirki

Wanda ya zaga Sharada ko Challawa a Kano, ko ya leƙa wajen Dawanau, ya san irin ginin nan: ginshiƙan ƙarfe a jere, rufin kwano mai faɗi, ciki kuwa fili fetal. Ba a wurin ake ƙera shi ba. A masana'anta ake yanka kowane ƙarfe, a huda shi, a yi masa walda da fenti, a sa masa lamba, sannan tirela ta kawo. Abin da ya rage a fili shi ne ɗagawa da ɗaure noti. An saba yin faɗin mita 20 zuwa 30 ba ginshiƙi a tsakiya, tazarar ginshiƙi da ginshiƙi kuma mita 6 zuwa 8. In daga waje aka yo odar kayan, ba guntun da zai wuce mita 12, iyakar tsawon babbar kwantena ke nan.

Masu kuɗi sukan zuba ido kan kaurin ƙarfe da farashinsa, su bar fandisho a hannun duk birkilan da aka samu. Nan ne asarar take. Ƙasan kowane ginshiƙi akwai farantin ƙarfe da aka riga aka huda, galibi huji huɗu, kuma dole kusoshin da aka binne cikin kankare, masu kaurin milimita 20 ko 24, su faɗa cikin hujin nan daidai. Kuskuren da ake yafewa tsakanin kusa da kusa bai wuce kamar milimita 3 ba. Birkilan da ya saba da bulo yana gyara santimita biyu da filasta ba wanda ya sani; ƙarfe ba ya karɓar wannan.

Don haka ba a soka kusoshin da hannu bayan an zuba kankare. A yanko falanki ko farantin ƙarfe, a huda shi kamar yadda zane ya nuna, a ɗaure kusoshin huɗu a jikinsa, a kafe shi a jikin katakon fandisho yadda ba zai motsa ba. A auna tsawo da faɗi, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, dole awon ya zo ɗaya. A naɗe zaren kusoshin, wato saman da noti ke hawa, da leda kada siminti ya toshe shi. Da an gama zubi, tun kankaren yana ɗanye, a sake awo, domin injin girgiza kankare yana ture kusa.

In aka yi sake, ranar ɗaga ginshiƙi sai ka ga mai walda ya kunna wuta yana faɗaɗa huji, ko an sa guduma ana lanƙwasa kusa. Duka biyun suna raunana ainihin wurin da ke riƙe ginin da ƙasa. Gyaran nan na injiniya ne, shi zai ce a huda kankare a dasa sabuwar kusa ko a sake farantin.

Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, a kwana 7 ya kai wajen kashi biyu cikin uku, kuma a zafinmu sai ana ba shi ruwa kullum. Wajen ɗagawa, a fara da ɗakin (tsakanin ginshiƙai biyu da biyun da ke biye da su) da ke da ƙarafan giciye masu hana ginin karkata, a daidaita shi tsaye cak, a ɗaure shi tsaf, sannan a ci gaba. Jera ginshiƙai da yawa ba giciye, a tafi gida a kwana, ganganci ne. Bayan an daidaita, a cike ratar da ke ƙarƙashin farantin, milimita 25 zuwa 50, da siminti na musamman wanda ba ya tsukewa in ya bushe.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: irin wannan gini ba shi da nauyi, don haka iskar farkon damina ba danne shi take yi ba, ɗaga shi take. In babbar ƙofa tana buɗe, iska ta shiga ta tura rufin daga ciki, ta kuma tsotse shi daga sama. Gefuna da kusurwoyin rufi su suka fi shan wahala, can ake ƙara yawan kusoshin kwano, kowace da washa mai roba. Kwanon da kaurinsa bai kai milimita 0.45 ba yakan yage a bakin kusa. Duk ƙarfin da iskar ta ja da shi kuwa, ta ginshiƙi yake bi ya sauka kan kusoshin nan huɗu da nauyin kankaren da ke riƙe su, shi ya sa ba a rage girman fandisho don tsimin siminti.